Oke Ta Ci Rumfar Sarkin Kasuwa

Lantana mai ƙosai ta cika baki wai kalmar "oke" ta Turawa tana amsa kowace magana. Sarkin Kasuwa, da ya daɗe yana kwaɗayin rumfarta, ya kira ta gaban jama'a.

"Mu gwada. Wanda ya amsa da wata kalma ban da oke, ya rasa rumfarsa."

"Ranka ya daɗe, ni ma zan yi tambaya ɗaya."

Ya yarda, ya ce, "Ƙosanki ɗanye ne."

"Oke?"

"Na ƙwace rumfarki!"

Ta ce, "Oke."

Sai ta gyara ɗaurin zane. "Za ka maido min ita, haɗe da taka?"

Sarki ya buɗe baki, ya rufe. In ya ce oke, rumfarsa ta tafi. In ya ce a'a, ta tafi.

Lantana ta ce, "Kada ka wahala, ranka ya daɗe. Shiru ma oke ne."