Igiyar da aka ɗaura wa itacen Harue

Akwai wani mai sayar da taliya a ƙauyenmu na Kusunose, sunansa Tokuzo. Shekara ashirin shi kaɗai ne mai shagon abinci a bakin titi. Romonsa kamar ruwan wanke kwano, amma ina za ka je?

Sai Harue, wadda mijinta ya rasu bara, ta sayar da gonarsa don ta gina nata shagon a ɗaya gefen titin. Ba ta da sauran abin dogaro sai wannan. A tsakiyar filin akwai wani tsohon itacen kafur, kuma dole a sare shi kafin a haƙa tushen gini.

Ranar da Genta magini ya iso da zartonsa, sai ya tsaya cak. An ɗaura wa itacen igiyar karan shinkafa, ga fararen takardu suna lilo a jikinta. Kowa ya san ma'anar wannan: akwai mai zama a ciki.

"Harue-san, jiya fa babu wannan," in ji Genta.

"Ni ma yanzu na gani. Sare kawai, don Allah."

"Ni? In sare itacen da ke da kodama? Ina da 'ya'ya uku. Na ba ki zuwa Asabar. In ba a warware ba, akwai aiki yana jirana a wani gari."

Kafin rana ta take, ƙauye ya rabu. Wasu suka ce kodama ne, ruhin itacen, ya nuna kansa. Kaka Toyo mai sayar da kifi ta ce a'a, babban kami ne, wato abin bautar ƙauyen, ya sauka. Kowa yana kallon ɗan'uwansa ta gefen ido, don igiya dai ba ta ɗaura kanta.

Tokuzo kuwa yana zuba wa mutane romo, tafin hannuwansa biyu naɗe da ƙyalle.

"Ni ban ce komai ba," in ji shi, murya ƙasa ƙasa. "Amma mijinta ya mutu, ko shekara biyu bai yi ba a sayar da gonarsa? Mitama ɗinsa ne, kurwarsa, bai kwanta ba. Wa zai ci abin da ta dafa?"

"Me ya sami hannunka, Tokuzo?" in ji Kaka Toyo.

"Tukunya ce ta ƙona ni."

"Duka biyun? Rungumarta ka yi?"

Maganar mitama ta fi kowace gudu. Mata suka daina tsayawa gaisawa da Harue. Wata ma ta watsa gishiri a ƙofar gidanta don korar mugun abu bayan Harue ta wuce. Ita dai ba ta tanka wa kowa ba. Kullum da safe takan ajiye 'yar shinkafa da ruwa a gindin itacen, ta rusuna, ta koma gida. Da kaɗan kaɗan wasu suka fara yin haka, don gudun kada abin ya zama gaskiya.

Ranar Juma'a tsoho Morioka, mai kula da ɗakin kami na kan tudu, ya dawo daga jinyar ƙafarsa. Jama'a suka biyo shi har gindin itacen. Ya sa tabarau, ya shafa igiyar, sai ya yi dariya.

"Wanda ya tufka wannan, ɗaurin itacen girki ya saba yi. Igiyar kami ta hagu ake murɗa ta. Wannan ta dama aka murɗa."

Ku ji fa sakarci. Ni da tsokana ta hana ni gama makaranta, da ni na yi aikin nan, har yau suna can suna neman mai laifi.

Morioka ya ƙara da cewa, "Kuma bai jiƙa karan ba kafin ya fara. Busasshen kara yanka tafin hannu yake yi."

Sai idanun jama'a suka juya, ɗaya bayan ɗaya, suka sauka a kan ƙyallen Tokuzo. Shi kuwa ya tura hannuwansa cikin aljihu yana kallon sama.

Genta ya ɗaga zarto. "Shi ke nan, Harue-san. Matsa in kwantar da shi."

"Ajiye," in ji Harue. "Kwana biyar ina gaishe shi ina ba shi ruwa. Lokacin da kowa ya kauce mini, shi kaɗai nake zuwa wurinsa. Ba zan sa masa ƙarfe ba. Ka rage shagon, ka zagaye shi da gini."

Haka aka yi. Morioka ya tufka sabuwar igiya, ta hagu, ya ɗaura da hannunsa. Shagon ya fito ɗan ƙarami, kujera shida kacal, ga itace ya huda rufin. Labari ya bazu har garuruwan ƙasan tudu. Masu motoci suka riƙa tsayawa su tafa hannu sau biyu a gaban itacen don girmamawa, sannan su zauna su ci taliya. Romon Harue kuma na gaske ne.

Wata Lahadi Tokuzo ya dubi kujerunsa babu kowa, ya dubi layi a ƙofar Harue, abin ya fi ƙarfinsa. Ya tsallako titi yana ihu.

"Babu komai a itacen nan! Ni na ɗaura igiyar farko! Ni, da hannuna!"

Kaka Toyo ta ɗago kai daga kwanonta.

"Mun sani, ɗan nan. To wa ya tashe ka ka ɗaura? Kami ya duba ƙauyen nan kaf yana neman ɗan aike, ya ga kai ne ba ka da aikin yi. Rusuna ka gode masa."

Mutum arba'in suna kallonsa. Tokuzo ya rusuna.

Darasi: Idan ka ari abin da mutane ke girmamawa don ka cuci wani, ba kai za ka zaɓi wanda zai amfana ba. Wanda aka zarga a banza kuma ya yi haƙuri, gaskiya tana tafe. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wanda kuka ga hannunsa a naɗe.