Kurege da Ma'aikatan Rami

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta.

Gonar Kurege ta gaji, ga shi da 'ya'ya bakwai. Sai ya je wurin Kunkuru, wanda dawarsa ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Ya ce, "Baba Kunkuru, me kake ba gonarka?"

Kunkuru ya ce, "Ma'aikata gare ni. Haƙa rami, ka zuba kara da ganye da kashin awaki, ka yayyafa ruwa, ka rufe. Za su zo da kansu, su mayar maka da shi taki."

Kurege ya yi hakan. Amma kun san shi da gaggawa. Bayan mako uku ya buɗe ramin, ya tarar da fumfuna fara fat, ga zafi na tashi. Ya ce aikin ya lalace, ya cinna masa wuta.

Ya koma yana mita. "Baba, ma'aikatanka ba su zo ba. Fumfuna ce ta ɓata komai, na ƙone ta."

Kunkuru ya ce, "Ɗana, ai ita ce shugabarsu. Sauran kuwa, ido ba ya ganinsu. Zafin da ka ji, na aikinsu ne."

Daminar nan 'ya'yan Kurege da rabin ciki suka wuce ta. Da kaka ta yi, ya sake cika ramin. Ranar da ya leƙa ya ga farin nan, sai ya rage murya ya ce, "Sannunku da aiki." Ya mayar da murfin a hankali.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan ta tsaya a bakin rami.