Man da Ya Tsinke a Tasar Barakatu

Akwai wata mata a Sabo ta Ibadan, sunanta Barakatu, ana ce mata Iya Abbas. A shekarun da man shafawa na kanti ya yi tsada, ita take haɗa wa matan unguwa nasu a tsakar gidanta. Man kaɗanya ne da man kwakwa da ɗan turare, ta narka, ta dasa tasar cikin ruwan sanyi tana bugawa har ya yi laushi. Sunanta ya kai har unguwar Mokola.

Da Lauratu maƙwabciyarta za ta aurar da 'yarta, sai ta ce a haɗa wa amarya tasa guda. Barakatu ta so ta burge, ta matse lemon tsami a ciki, ta ƙara zuma, don ta ji an ce suna sa fata haske.

Washegari ta tarar man ya tsinke. Ruwa ya kwanta ƙasa, mai ya yi gudaji a sama kamar nonon da ya lalace.

Yayar mijinta, Ashatu, ta leƙa tasar ta ce, “Wannan kuma kindirmo za a kai wa amaryar?”

“Bugu ne bai ji ba, Yaya.”

“Ko ki kwana kina bugu, ruwan lemo ba ya zama da mai. Ki zubar ki sake, ki ce wa Lauratu ta yi haƙuri.”

“Ni in je in ce aikina ya ɓaci?”

Barakatu ta sake bugawa, ta sanyaya shi a gindin randa har samansa ya haɗe, ta ƙara turare, ta kai tun rana ba ta yi zafi ba.

Ranar lalle aka buɗe tasar gaban dangin ango. Ruwa mai tsami ya kwararo kan zanen amarya, gefen murfin duk ya yi hunhuna. Wata gwaggon ango ta toshe hanci ta tambayi sunan mai haɗawa. Aka faɗa mata.

Da yamma Lauratu ta dawo da tasar, ta ajiye a bakin ƙofa.

“Iya Abbas, kin san ya tsinke kafin ki kawo?”

Barakatu ta sunkuya ta ɗauki tasar.

“Da kin faɗa mini, da zallar kaɗanya na shafa mata.”

Barakatu ba ta ƙara sa lemo a mai ba, kuma aikin hannunta ya fi na da kyau. Sai dai matan Sabo sun daina aike gidanta. Har ta tsufa, tashar Ojoo mijinta yake kai man, inda matafiya ba sa tambayar wadda ta haɗa.

Darasi: Idan aikinka ya ɓaci, ka faɗa tun yana hannunka. Mutane kan yafe wa wanda ya yi kuskure, amma ba sa manta wanda ya sani ya ɓoye. Ku tura wa duk mai sana'ar hannu da kuka sani.