Tabon da ke Bayan Nomau

To, ku gyara zama, ga wata nan na kawo muku. Ba ta dariya ba ce, kuma in na kai ƙarshe ba ni zan yanke hukunci ba, ku za ku yanke.

A wani ƙauye da ake kira Tungar Maje an yi wani mutum mai suna Nomau. Ɗan gidan mafarauta ne, ubansa da kakansa duk da kirari aka san su. Matarsa ta rasu ba ta bar masa ɗa ba, sai ya tattara ya koma bukka a gonarsa can bakin daji. Yana noma, yana rataya amya don zuma, yana korar birai da tsohuwar bindigar toka ta ubansa. Sai ya yi kwanaki bai ji muryar mutum ba, in ba tasa ba idan yana yi wa birai faɗa.

A kan iyakar gonarsa da ta maƙwabcinsa Jatau akwai wata ɗorawa, kowannensu ya ce ta kakansa ce. Mai gari ya sasanta, ya sake sasantawa, maganar ba ta mutu ba. Ran nan da hantsi Nomau na gindin ɗorawar da bindiga a kafaɗa, sai ga Jatau da adda tsirara, ko sallama babu. Nomau ya dubi idonsa ya ga ba magana ta kawo shi ba, sai ya juya ya sheƙa da gudu. Addar ta same shi a baya, daga kafaɗa har kwiɓi, ya faɗi a bakin kwari. Da ya waiwaya ya ga an sake ɗaga ta, sai ya ja kunamar bindiga. Jatau bai sake motsi ba. Babu wanda ya gani sai Allah.

Ku yaran yanzu ba ku sani ba. A wurin mafarauta rauni a ƙirji ado ne, rauni a baya kuwa abin kunya ne da har jikoki suke gada, don shi ke nuna namiji ya gudu. Saboda haka Nomau ya ɗebi ƙasa ya goge jininsa daga addar, ya lallaɓa gidan yayarsa Tabawa. Ta wanke raunin ta ɗaure, shi kuwa ya sa ta yi masa alkawari har da rantsuwa ba za ta faɗa wa kowa ba. Ya zura riga ya kai kansa wurin 'yan sanda, ya ce, "Ni na harbe Jatau." Suka ce, "Ya taɓa ka?" Ya ce, "Ni? Ba a haife shi ba."

Da wannan kalma ya ɗaura wa kansa igiya. Lauyan gwamnati ya ce ga tsohuwar gaba, ga bindiga, ga manomi da addarsa ta aiki, ga mai laifi ya amsa da bakinsa: kisan gangan ne, hukuncinsa rataya. Aka kai Nomau kurkuku. A can ba ya cire riga gaban kowa, wanka ma sai ya jingina da bango. Mafarauta suna ta yi masa kirari a ƙauye, amma babu ɗaya da ya taka ya je duba shi.

Mutum uku ne suka tsaya masa.

Ta farko Tabawa. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, kuma mace ce da ba a taɓa jin ta karya alkawari ba. Ta yi ta kai masa ƙuli da garin kwaki tana roƙonsa, yana cewa, "Yaya, gara a rataye ni ina ɗan ubana." Da ta ga da gaske yake, sai ta yi azumin kaffara, ta hau mota zuwa birni wurin lauyansa, ta kwashe komai ta faɗa masa, har tsumman da ta ɗaure raunin da shi ta kai. Da Nomau ya ji, ya aika mata cewa daga yau ba shi da 'yar'uwa. Ta ci gaba da aika garin kwaki, ana mayar mata da shi. Ba don ita ba, da babu wanda zai san akwai sara.

Ta biyu Marka, matar marigayi Jatau. Lauyan gwamnati ya riga ya shirya amsa: ko da akwai sara, wa ya san ba Nomau ne ya fara ɗaga bindiga ba, Jatau ya sare shi don kare kansa? Mutum ɗaya ne a duniya ya san niyyar da Jatau ya fita da ita, ita ce Marka. Dangin mijinta sun gargaɗe ta, in ta buɗe baki ta bar musu gida da 'ya'ya. Ba ta son Nomau, shi ya mayar da 'ya'yanta marayu. Amma da ta fita takaba ta kasa barci. Ta zo kotu ta dafa Alƙur'ani, ta ce tun asuba mijinta yake wasa adda, alhali ba lokacin sharar gona ba ne, ta riƙe rigarsa ya hankaɗe ta, ya ce yau zai raba Nomau da ɗorawa da duniya gaba ɗaya. Kafin ta koma gida an fitar mata da kayanta waje. Ta koma garin iyayenta ita kaɗai, ko autanta ba a ba ta ba. Ba don ita ba, da saran bai isa hujja ba.

Na uku Ilu, lauyan, abokin Nomau tun suna kiwon awaki. Shi kaɗai ne mutumin da Nomau ke dariya da shi a duniya. Manyan lauyoyi sun ba shi shawara ya nemi sassauci kawai, a yi wa Nomau ɗaurin shekaru, rai ya tsira. Ilu ya ce mutumin da ya kare ransa ba ya roƙon sassauci. Ya gaya wa Nomau cewa alƙali ba zai karɓi kare kai ba sai ya gamsu an kawo wa mutum hari, ya yi ƙoƙarin kaucewa, kuma ya ji tsoron mutuwa. Nomau ya ce, "Kai Ilu, boko ya cinye ka. In ka ambaci bayana a gaban mutane, ni da kai har abada." Ilu ya ce, "Na ji. Ka rayu ka yi ta fushi da ni." Ran zaman ƙarshe na shari'a, kotu cike da mafarauta, ya roƙi alƙali ya sa a cire wa Nomau riga. Likita ya duba ya ce saran adda ne, daga baya aka yi shi. Sannan Ilu ya nuna Tabawa da Marka inda suke zaune, ya ce wa Nomau, "Dubi matan nan, kowacce ta rasa abin da ta rasa saboda kai. Nomau, ran nan ka ji tsoro?" Nomau ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji." Ba don Ilu ba, da sara da shaida sun tashi a banza.

Alƙali ya sallame shi. Mafarauta suka watse, babu wanda ya miƙa masa hannu. Ya wuce ta gaban mutum ukun nan bai dube su ba, ya koma bukkarsa. Ciyawa ta cinye gonar, birai sun saba da ita har ba sa gudunsa. Damina ta zo ta wuce, ba ya zuwa kasuwa, ba mai zuwa wurinsa. Idan hadari ya haɗu tabon yakan yi masa ƙaiƙayi a inda hannunsa ba ya kaiwa, kuma babu mai sosa masa. A nan ne ya fara gane cewa wanda ke jin ƙaiƙayi rayayye ne.

Da lokacin ɗibar zuma ya yi, amya ɗaya ce kawai ta yi farar saƙa, ta cika ƙwarya guda. A gidansu kuwa al'ada ce, zumar fari ba a raba ta, ana kai ta ne ga wanda ya fi kowa hakki a kanka, kuma duk gari za su ji inda aka kai. Nomau ya rufe ƙwaryar da faifai ya ɗauka, ya yi tafiya har mararraba. Hanya ɗaya ta yi gidan Tabawa, ɗaya ta yi garin su Marka, ɗaya ta yi tashar motar birni. Ya tsaya, rana tana ta yi.

To, jama'a, ga Nomau can a tsaye da ƙwarya a hannu. Wadda ta karya rantsuwarta ta rasa ƙaninta, da wadda ta faɗi gaskiya ta rasa 'ya'yanta, da wanda ya tona asirin amininsa don ya cire masa igiya a wuya: ƙofar wa ya kamata ya kai zumar nan?