Hanyar da Nomau Ya Share da Hannunsa

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wasu garuruwa ne guda biyu maƙwabtan juna, ɗaya a gabas, ɗaya a yamma. Ba su da nisa. Mai ƙafa zai je ya dawo tuwo bai huce ba. Amma fa mai ƙafa na ce. Don hanyar da ke tsakaninsu 'yar siririya ce, samari ne suka fitar da ita da sawunsu. Sai ta hau dutse, sai ta kutsa cikin ƙaya, sai ta tsallake rafi a kan gungumen giginya ƙwaya ɗaya.

A garin gabas akwai wani mutum mai ɗibar zuma, sunansa Nomau. Yana da yaya mace, Tasalla, tana aure a garin yamma. Uwa ta rasu, uba ya rasu, su biyu kaɗai suka rage wa juna. Kowace ranar kasuwa sai Nomau ya je ya gaishe ta da ɗan zuma a gora.

Ana nan ana nan, wata rana ya hau kuka zai sauke amya, sai reshe ya karye da shi. Allah ya yi da sauran kwana, ya rayu, amma ƙafafunsa suka mutu. Ya koma jan jiki da hannu, ya zauna a ƙofar gida yana tufkar igiya. Sai Tasalla ta karɓi zuwa, ita ke bin hanya tana duba shi. Ba a daɗe ba sai ciwon yana ya rufe mata ido, ta makance. To, ga shi shi ba ya iya hawan dutse, ita kuma ba ta iya taka gungume. Samari sun taɓa gwada ɗaukarsa, a kan dutse suka kusa yar da shi, daga nan ba wanda ya sake.

Sai Nomau ya ja jiki ya tafi wurin mai gari. Ya ce, "Ranka ya daɗe, hanyar nan ta raba ni da yayata. A taimaka a gyara ta."

Mai gari ba mugu ba ne. Ya kira samari ya ce, "Kai, hanyar yamma ta lalace ne?"

Suka ce, "Lafiyarta lau, ranka ya daɗe. Yanzu ma daga can muke."

Ya ce, "To, Nomau, ka dai ji. Sai haƙuri." Ya sa aka ba shi ƙwaryar gero, aka sallame shi.

Nomau na zaune a gida yana tagumi, sai ga Dila. Ya ce, "Sannu da aiki, mai igiya. Ni kullum ina zirga-zirga tsakanin garuruwan nan. Mutanen kasuwa in ka ba su saƙo mantawa suke yi. Ni ba na mantuwa."

Nomau ya yi murna. Ya dafa ƙwan zabo ya ce a kai wa Yaya. Dila ya kai bayan dutse, ya zauna ya lamushe. Ya dawo yana lasar baki ya ce, "Ta ce ta gode, amma aiki ya yi mata yawa."

Da wata kasuwa ta zagayo, Nomau ya soya kaza ya ba shi. Dila ya kai bayan dutse, ya cinye har ƙashi. Ya dawo ya ce, "Ta ce ta gani, amma ba ta da abin aiko maka."

Ashe a can ma haka yake yi. Tasalla ta ba shi dambun nama, ta ba shi fura da nono, ya shanye a bakin rafi, ya koma ya ce mata ƙanenta ya ce ya gani.

Karo na uku Nomau ya ba da kilishi, ya ce, "Ka ce mata ina marmarin jin muryarta. Ko da jagora ne ta zo bakin rafi, ni ma in san yadda zan yi."

Dila ya ce a ransa, in waɗannan suka haɗu, nawa ya ƙare. Sai ya cinye kilishi, ya dawo ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Nomau, maganar ba ta da daɗin faɗa. Ta ce ka daina aike, ita ba ta da ƙane gurgu." Ya kuma je wurin Tasalla ya ce, "Ya ce me zai yi da makauniya?"

Nomau ya yi kuka har idonsa ya kumbura. Can sai ya share fuska ya ce, "Bakin da ya tauna mini abinci ina jariri ba zai faɗi haka ba. In ma ya faɗa, sai na ji da kunnena."

Gari na wayewa ya ɗaure tsumma a gwiwa, ya rataya adda, ya naɗa igiya a wuya, ya kama hanya. Ya ja, ya ja, har ya isa gindin dutse. Sai ya ji wata murya tana cewa, "Bawan Allah, don Allah juyo ni."

Ya duba, sai ga Kunkuru a rigingine, ƙafafu a sama. Ya juyo shi. Ya ce, "Baba Kunkuru, me ya kawo ka nan?"

Kunkuru ya ce, "Rafi nake son zuwa. Tun damina nake gwada dutsen nan. In hau in mirgino, in hau in mirgino. Masu wucewa ba sa kallon ƙasa."

Nomau ya ce, "Ni ma ba zan iya hawa ba. Babu wata hanya?"

Kunkuru ya ce, "Akwai inda ruwan sama ke bi ta gefe, shimfiɗe yake. Amma duwatsu sun cika shi, sun fi ƙarfina."

Nomau ya ce, "Ƙafata ce ta mutu, ba hannuna ba. Nuna mini."

Sai ya kama ture duwatsu, Kunkuru na nuna masa na gaba. Yana turewa yana waƙa:

"Yaya, Yaya, ina tafe,
Ƙafa ta ƙi, hannu ya yarda,
Ki aje mini ruwa a randa,
Yaya, ina tafe."

Sai ga Dila. Ya ce, "Kai, Nomau! Akwai kububuwa a ƙarƙashin duwatsun nan, koma gida."

Kunkuru ya ce, "Nan nake kwana nan nake tashi, ko ƙadangare ban gani ba."

Dila ya yi tsaki ya wuce.

Rana ta yi sanyi Nomau ya koma gida, gari ya waye ya dawo. Kwana da kwanaki yana abu ɗaya. Masu wucewa su ce, "Sannu Nomau, ai ta sama ta fi kusa," su haye dutse su tafi abinsu. Har ya ture na ƙarshe, hanya ta zagaye dutse sumul.

Suka ci gaba, shi da Kunkuru, ba mai jiran wani don tafiyarsu ɗaya. Sai suka isa wurin ƙaya. 'Yar kafa ce tsakani, mai ƙafa sai ya karkace ya wuce. Mai rarrafe kuwa, ƙaya a tafin hannu, ƙaya a fuska. A gefe ga wani tsohon Jaki tsaye, haƙarƙarinsa duk tabo.

Nomau ya ce, "Sannu Jaki. Wa ya yi maka wannan aika-aika?"

Jaki ya ce, "Ƙayar nan ce. Tun ina ƙarami ake ɗora mini mangala a tura ni ciki. In na tsaya a ce taurin kai ne, a sa sanda. Yanzu na tsufa an sake ni. Ga ciyawa can a fadama ina jin ƙanshinta, amma jikina ya ƙi shiga."

Nomau ya ce, "In na sare, za ka ja?"

Jaki ya ce, "Ja kam shi na iya."

Sai Nomau ya zare adda. Ya sara, ya ɗaure da igiya, Jaki ya ja ya kai nesa. Kunkuru na bi yana tsince ƙananan ƙayoyi da baki. Nomau na sara yana waƙa:

"Yaya, Yaya, ina tafe,
Ƙaya ta ƙi, adda ta yarda,
Ki aje mini ruwa a randa,
Yaya, ina tafe."

Sai ga Dila kuma. Ya ce, "Wahalar banza kake yi. Yayarka ta ƙaura, sun tafi wani gari mai nisa."

Jaki ya ce, "To, mene ne naka a ciki? In ta ƙaura mu ga kangon da idonmu." Ya juya masa baya yana gyara ƙafa. Dila ya ga harbi na tafe, ya yi tsalle ya ba da wuri.

Suka yi ta yi, hannun Nomau ya tsattsage, ya warke, ya sake tsagewa. Har ƙaya ta buɗe, jaki da kaya zai wuce ba abin da zai taɓa shi.

Ranar da suka isa bakin rafi ranar kasuwa ce. Ga gungume nan a sama, siriri, santsi kamar an shafa masa mai, ga ruwa a ƙasa yana gudu. Nomau ya ɗora hannu, hannu ya zame. Ya sake ɗorawa, ya sake zamewa. Ya gwada na uku, saura kaɗan ya faɗa, Jaki ya cafke rigarsa da haƙori ya jawo shi. Nomau ya zauna a bakin gaɓa, ƙarfinsa ya ƙare. Da 'yar muryar da ta rage masa ya ce:

"Yaya, Yaya, na zo rafi,
Ruwa ya ƙi, hannu ya gaji..."

Bai ƙarasa ba sai ya ji an ce daga tsallake, "Wane ne wannan? Nomau? Auta, kai ne?"

Ya ɗaga kai. Ga wata mace a gindin tsamiya, ta miƙe tsaye riƙe da sanda, tana juya fuska tana neman inda murya ta fito. Tasalla ce. Ashe ita ma zuciyarta ba ta yarda da maganar Dila ba. Kowace kasuwa sai ta lallaɓo da sandarta ta zauna a nan, ko Allah zai sa.

Nomau ya ce, "Ni ne, Yaya! An ce kin ce ba ki da ƙane gurgu."

Ta ce, "Ni? Harshena ya tsinke in na faɗa! Ni ce aka ce ka ce me za ka yi da makauniya."

Ya ce, "Wallahi ban faɗa ba. Kin ga ƙwai? Kin ga kaza? Kin ga kilishi?"

Ta ce, "Ko ƙashi ban gani ba. Kai ka ga dambu? Ka ga fura?"

Daidai nan sai ga Dila ya hau gungume, cikinsa tim, yana sakace. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ga asirinsa ya tonu. Sai ya rasa inda zai nufa, ƙafa ta zame, ya faɗa ruwa tsundum. Da ƙyar ya fita can ƙasa, ya shige daji a jiƙe. Shi ya sa har yau dila ba ya bin hanyar mutane, sai dai ya tsallaka ta da gudu.

To, mutanen kasuwa sun taru ta gabas da ta yamma, duk sun ji. Sai wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta sauke ƙwaryarta ta ce, "Ni ma nan nake tsayawa in ba yara kayana su ƙetarar mini. Jikokina na can, tun bara ban gan su ba."

Wata mai tsohon ciki ta ce, "Ni ma gidanmu na can. Nan nake juyawa."

Wani saurayi ya ce, "Inna, ba ku taɓa faɗa ba."

Tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, wa ya taɓa tsayawa ya tambaya?"

Sai saurayin ya ajiye kayansa. Na kusa da shi ya ajiye. Kafin ka ce me, kowa ya sauke. Akwai busassun giginyu da iska ta kayar a fadama. Nomau ya ɗaure, Jaki ya ja, samari suka tura. Suka jera a gefen na da, suka ɗaɗɗaure, mata suka kawo rassa da ƙasa aka daddaɓe. Nomau ya wurga igiyarsa mafi kauri, Tasalla ta lalubo ta ɗaura a jikin tsamiya, aka ja ta daidai ƙugu don mai neman abin riƙewa.

Aka ce, "To, wa zai fara?"

Ba wanda ya jira amsa. Nomau ya kama jan jiki daga nan, Tasalla ta kama igiya daga can. A tsakiyar gada ƙafarta ta taɓa hannunsa. Sai ta durƙusa, ta shafa kansa, ta shafa fuskarsa, ta kama tafin hannunsa. Da ta ji yadda ya farfashe sai ta ce, "Wayyo hannun ƙanena!" Ta yage bakin mayafinta ta ɗaure masa.

Ya ce, "Yaya, kin rame."

Ta ce, "Kai kuma gemu ka tara kamar bunsuru, ba mai ce maka ka aske."

Suka yi dariya, suka yi kuka, suka zauna nan tsakiyar gada suna hira, ta tambayi wannan, ya tambayi wancan. Mutanen gari biyu na tsaye da kayansu, ba wanda ya ce su matsa. Kunkuru ne kaɗai ya raɓa ta gefensu a hankali, ya ce, "Ku yi zamanku, ni dai ƙishirwa nake ji." Ran nan kasuwa ba ta cika da wuri ba, kuma ba wanda ya yi ƙorafi.

Don haka, yara, in za a fitar da hanya, kada a tambayi mai gudu ko ta yi kyau. A tambayi gurgu da makaho, a tambayi tsohuwa da mai ciki. In su sun wuce, to kowa zai wuce.

Ƙurunƙus! Tatsuniya ta isa gida, ku ma kowa ya tashi ya nufi nasu.