Dalma a Kan Ƙarfe Mai Sanyi

Akwai wani mutum, manomin rani, mai lambun albasa a bakin wani rafi. Mutumin kirki ne, sai dai Allah ya yi shi da yawan tafiya a zaune. Yana cikin aiki sai ka ga ya dogara da fartanya yana kallon gajimare, har tsuntsu ya sauka a hularsa ya huta ya tashi, shi bai dawo ba.

Wansa kuwa mai liƙin bokitai da butoci ne. Da ya rasu, abu ɗaya ya bar masa, wato fitilar liƙi. 'Yar tukunya ce ta tagulla mai mariƙi. Ana zuba mata kananzir, a buga mata iska da ɗan famfon da ke jikinta, sai ta fitar da harshen wuta ta wani dogon baki tana huci. In iska ta yi mata kaɗan, wutar ja ce, doguwa, mai hayaƙi. In ta ƙoshi da iska sai ta dawo 'yar gajeruwa, shuɗiya, da rana da ƙyar ake ganinta. Amma wannan shuɗiyar ita ce ƙarfe yake jin tsoro.

Manomin nan ya ƙaunaci fitilar ƙwarai. Da ita yake babbake kan akuya ranar Kirsimeti. Da ita yake kunna wa matarsa jiƙaƙƙen itace da damina. In noti ya yi tsatsa ya ƙi kwancewa a amalanken maƙwabci, yakan gasa shi har ya saki. Ya taɓa gasa masara da ita ma, ta fito rabi gawayi rabi ɗanya, ya cinye abinsa ya ce haka 'yan birni suke ci. Amma liƙi, ainihin aikin da aka ƙera ta dominsa, bai taɓa gwadawa ba. A ganinsa mene ne abin wuya? Wuta ce da dalma.

Ana nan, zafi ya shigo, albasa ta fara yin kai, sai injin ban ruwansa ya yi tari biyu ya mutu. Ya duba, ya tarar siririn bututun jan ƙarfe da yake kai wa injin mai ya tsage. Tsagar ba ta fi tsawon farce ba. Mai gyara kuwa ba ya zuwa ƙauyen sai ranar kasuwa, saura kwana biyar. Albasa ba ta san kwana biyar ba.

Matarsa ta zo lambun, ta ga ganye ya fara kwanciya, ta ce, "Baban Briskila, abincinmu na shekara ne fa yake sunkuyar da kai haka."

Ya ce, "Kwantar da hankalinki, Maman Briskila. Ni ƙanen wa ne? Kafin ki sauke tuwo za ki ji injin nan yana waƙa."

Ya kwance bututun, ya wanke shi, ya goge bakin tsagar da yashi har ya yi ƙyalli, ya shafa masa ɗan maganin liƙi da ya samu a jakar wansa. Ya zauna a inuwar mangwaro, ya ɗora bututun a kan dutse, ya kunna fitila. Sai ya ɗauki sandar dalma ya cusa ta cikin wutar kai tsaye. Nan da nan ta narke ta ɗiga a kan tsagar, ɗis, ta dunƙule kamar ƙwayar dawa. Ya yi murmushi. Ya taɓa ta da tsinke, ta gangara ƙasa abinta.

Ya sāke, ta sāke gangarawa. Ya ce to, ƙila kaɗan ce. Ya yi ta ɗigawa har bututun ya yi doro. Ya ɗaura a inji, ya ja igiya, sai ga mai yana tsiyaya ta ƙarƙashin tulin dalmar. Farce ɗaya ya sa, tulin duka ya ɓamɓare.

Da la'asar matar ta iso da kwano a ka. Ta ce, "Na sauke tuwo tun ɗazu, har ya huce. Ko kunnena ne ya toshe? Ban ji waƙar ba."

Ya ce, "Dalmar nan ce ba ta da kunya."

Ta ce, "Ikon Allah. Shekara nawa Yaya ya yi yana wannan aiki, ni dai ban taɓa jin ya zagi dalma ba."

Rana ta uku ganyen albasa ya kwanta shame-shame, bakinsa ya fara yin ruwan ƙasa. Dalma kuwa saura guntu ɗaya, bai kai ɗan yatsa ba. In wannan ya gangara, shi ke nan.

Mutumin ya zauna, fitila a hannun dama, guntun dalma a hagu. Tsoro ya hana shi kai guntun cikin wuta. Yana ta jinkiri, bakin fitilar ya sauka a kan bututun, shi kuwa halin nasa ya motsa, ya tafi a zaune.

Ya ga jan ƙarfen yana sāke launi a hankali. Ya yi ruwan zuma, ya koma kamar wuyan kurciya. Hucin fitilar ya zama masa ƙarar ruwa a nesa. Sai ya ga rafin ya tashi da kansa ya hau tudu, yana bin lambun layi-layi, yana gaida kowace albasa da sunanta. Su kuma suka miƙe suna amsawa, suka kumbura har suka kai tuluna, mata suna mirgina su zuwa gida suna dariya. Can a bakin ruwa ya hangi wansa zaune, ƙafafunsa a cikin rafi, yana juya wata tsohuwar buta a gaban wuta, yana fito, ba ya sauri ko kaɗan.

Hannunsa na hagu ya yi nauyi, ya sauko, ya sauko, har guntun dalmar ya taɓa bututun. Ba wuta ya taɓa ba, ƙarfen ya taɓa.

Mutumin ya farka firgigit. Sai ya ga dalmar ta zama ruwa, ta ruga cikin tsagar da kanta kamar wadda aka kira, ta cika ta daga wannan baki zuwa wancan, siririn layi fari fat. Ya janye wutar, ya bar bututun ya huce. Ya kankara da farce, ta ƙi. Ya kankara da wuƙa, ta ƙi.

Ya ɗaura, ya ja igiya, inji ya tashi. Layi biyu na can ƙarshen lambu sun riga sun mutu, ruwa bai tashe su ba. Sauran kuwa kafin gari ya waye sun ɗaga kai.

Matar ta ce, "Gaya mini gaskiya, barci ka yi ko?"

Ya ce, "Barcin gwanaye ne, Maman Briskila. Ba kowa ya iya ba."

To, ga ma'anar misalin nan. Bututun shi ne zuciyar ɗan'uwanka. Tsagar ita ce abin da ya shiga tsakaninku. Dalmar ita ce maganar da kake so ka faɗa masa, ko gargaɗi, ko neman gafara, ko Maganar Allah kanta. Wutar kuwa ƙauna ce.

Da yawanmu mukan dafa magana a bakinmu har ta tafasa, mu je mu ɗiga ta a kan zuciya mai sanyi. Ta gangara. Mu ce ƙila kaɗan ce, mu ƙara aya a kan aya, mu tula wa mutum wa'azi har ya yi doro. Sa'an nan mu dawo gida muna cewa wane ba ya jin magana. Maganar ba ta da laifi. Mutumin ne ba a ɗumama ba. Ubangijinmu ma, sa'ad da yake duniya, sau da yawa yakan shiga gidan mutum ya ci abinci tare da shi tukuna. In zuciya ta ɗauki zafi, kalma ɗaya 'yar guntuwa ta isa, ita za ta nemi tsagar da kanta.

Ba a ce ku riƙa gyangyaɗi a sujada nan cikin coci ba fa, masu zama a bencin baya, ana ganinku. Ba a kuma ce ku jira har abada ba, gama akwai abin da yake bushewa muna zaune, wani ma ba ya sāke tashi.

Wanda wani suna ya faɗo masa a rai yanzu, kada ya je wa mai sunan da wa'azi yau. Ya je ya yi sallama, ya tambayi jikin tsohuwarsa, ya zauna a tabarma har a kawo ruwa. In an kawo, ya sha.