Waken Jami'a

Dakta Asabe ta roƙi shugaban jami'arsu ya saki bincikenta kan adana wake, kowane manomi ya samu kyauta.

Shugaba ya ce, "Ilimi ba na kowa ba ne. Kawo mini manomin da ya san abin da ke ciki ba tare da ya karanta ba, sai in saki."

Ta kawo Baba Jatau. Tsoho ya zayyana komai: toka, ganyen darbejiya, tulu a liƙe da laka.

Shugaba ya zabura. "Wa ya sato maka sirrinmu?"

"Ranka ya daɗe, a gindin rumbuna ta zauna, ina faɗa tana rubutawa. Barkono ma na manta ban gaya mata ba. Ku buɗe in gyara, kar waken jami'a ya yi ƙwari."